Me ya sa Afirka ta Kudu da Sin suka riƙe baƙin ƙarfe wajen yin mai daga kwal, alhali a Escravos kobalt aka sa?

ƊalibinInjiniya ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na fannin injiniyan sinadarai, kuma aikin binciken da aka ba ni ya shafi hanyar Fischer da Tropsch, wato yadda ake ɗaukar haɗin iskar kabon monoksaid da haidirojin, wadda ake kira singas, a mayar da ita dizal da fetur da kananzir. Na fahimci cewa aikin ba ya yiwuwa sai da katalis, wato sinadarin da ke tsayawa tsakani kamar dillali, ya haɗa iskokin biyu ba tare da shi kansa ya shiga cikin kayan da aka samu ba. Na kuma ga cewa ƙarafa biyu ne kawai masana'antu suka dogara da su a wannan aiki, baƙin ƙarfe da kobalt.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan. Masana'antar Escravos da ke Jihar Delta, wadda Chevron da NNPC suka gina kuma ta fara aiki a 2014, kobalt take amfani da shi, kuma fasahar kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu aka ɗauko aka sa mata. Amma shi Sasol ɗin, a babbar masana'antarsa ta Secunda mai sarrafa kwal, ƙarfe yake amfani da shi tun 1980. Da farko na ɗauka tsufa ne ya sa haka, sai na tarar da cewa masana'antar da Sin ta buɗe a yankin Ningxia a ƙarshen 2016, mai iya fitar da tan miliyan 4 na mai daga kwal a shekara, ita ma ƙarfe ta zaɓa, alhali ta zo bayan Escravos. Littattafan da na karanta duka sun ce kobalt ya fi ƙarfe kuzari kuma ya fi shi daɗewa. To, me ya sa har yanzu ba a rabu da ƙarfe ba?

Tambayata ta biyu ita ce, a wane hali ƙarfen yake lokacin da yake aiki a cikin tukunya, wato na'urar da ake haɗa iskokin a cikinta? Wani littafi ya ce kabaid ne, wato haɗin ƙarfe da kabon, wani kuma ya yi ta maganar magnetait, wato wani nau'in tsatsar ƙarfe. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

InjiniyaMaiRitaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru masu yawa a aikin matatar mai kafin in ajiye, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, idan ka ga masana'anta ta nace wa wani abu, ka fara duba kuɗinsa. Ƙarfe yana ko'ina, kuma farashin kobalt ya ninka nasa sau ɗaruruwa. Bugu da ƙari, fiye da rabin kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga ƙasa ɗaya yake fitowa, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, kuma masu yin batir suna rububinsa.

Tarihin abin ma ya nuna haka. Franz Fischer da Hans Tropsch sun yi aikinsu ne a cibiyar binciken kwal da ke Mulhaim a yankin Ruhr na Jamus, kuma gwajinsu na 1923 da gutsuttsuran ƙarfe aka yi shi, kafin su nemi rajistar hanyar tasu a 1925. Da aka zo gina masana'antu daga 1936, kobalt aka sa, har suka kai tara a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jamus tana da kwal, ba ta da ɗanyen mai, kuma kobalt ɗin daga waje take samunsa, shi ya sa masanansu suka ci gaba da neman yadda ƙarfe zai maye gurbinsa. Afirka ta Kudu ta gaji wannan bincike ne domin halinta ɗaya da na Jamus: kwal jibge a ƙasa, rijiyar mai babu. An kafa Sasol a 1950, masana'antar Sasolburg ta fara aiki a 1955, sannan tashin farashin mai na 1973 da juyin juya halin Iran na 1979, wanda ya yanke wa gwamnatin wariyar launin fata babbar hanyar samun mai, suka sa aka gina masana'antu biyu a Secunda, ɗaya ta fara a 1980, ɗayar a 1982. Ƙasar da ke cikin takunkumi ba za ta ɗora rayuwarta a kan ƙarfen da sai an shigo da shi ba. A ganina wannan ita ce amsar.

MalamarKemistiri ta amsa:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka kawo na tarihi haka yake, kuma arha tana da nata rabon a cikin maganar. Sai dai ina ganin idan muka tsaya a kan kuɗi kaɗai, ɗalibin nan zai shiga gaban masu jarraba shi da rabin amsa, domin Sin ba ta cikin takunkumi a 2016, kuma kamfanoninta suna cikin manyan masu tace kobalt a duniya, amma duk da haka ƙarfe suka sa.

Ɗalibi, tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce, daga ina singas ɗin ta fito? Domin a gina gaɓa ɗaya ta sarƙar mai, wato jerin kabon da haidirojin da ke zama mai, kowace ƙwayar kabon monoksaid tana buƙatar kimanin ƙwaya biyu na haidirojin. Ɗaya za ta manne da kabon ta zama wannan gaɓar, ɗayar kuma ta ɗauke oksijin su zama ruwa. Iskar gas, wadda Escravos ke sarrafawa, akasarinta mitan ce, kuma kowace ƙwayar mitan kabon ɗaya ne da haidirojin huɗu, waɗanda suke daidai da ƙwaya biyu na iskar haidirojin, saboda haka singas ɗin da ake samu daga gare ta tana fitowa kusan daidai da biyu da ɗayan da ake nema. Kwal kuwa kusan duka kabon ne. Idan aka gasa shi da oksijin da tururi a irin tukwanen zamani masu tsananin zafi, singas ɗin da ke fitowa ko haidirojin ɗaya ba ta kai ba a kan kowane kabon monoksaid ɗaya. Idan ka ba kobalt irin wannan iska yadda take, haidirojin zai ƙare tun aiki bai yi nisa ba, sauran kabon monoksaid ɗin ya wuce a banza, wani kuma ya kwanta a kan katalis ɗin ya rufe shi.

A nan ne ƙarfe yake da baiwar da kobalt ba shi da ita. Ruwan nan da ake samu a gefe, ƙarfe yana iya ɗaukarsa ya haɗa shi da wani kabon monoksaid, sai a sami kabon dayoksaid da sabon haidirojin, wanda nan take zai koma cikin ginin sarƙa. Wato ƙarfe yana cike giɓin haidirojin da kansa a cikin tukunya ɗaya, har yana iya aiki da iskar da haidirojin ɗinta bai wuce 0.7 a kan kowane kabon monoksaid ɗaya ba. Amma wannan baiwa ita ce kuma aibinsa idan aka kai shi inda haidirojin ya wadata, domin zai riƙa mayar da kabon ɗin da ya kamata ya zama dizal zuwa kabon dayoksaid ba tare da wata buƙata ba. Shi ya sa Shell a Bintulu ta Malesiya tun 1993, da masana'antun Oryx da Pearl a Katar, da Escravos, duka masu sarrafa iskar gas, suka tafi ga kobalt. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma batun ƙazanta. Kwal yana ɗauke da farar wuta, kuma farar wuta guba ce ga ƙarafan biyu, ko da ƙanƙanuwa ce. A Secunda ana wanke iskar da metanol mai tsananin sanyi, ta hanyar da ake kira Rectisol, kafin ta isa ga katalis. Amma na'ura ba ta rasa ranar tangarɗa, kuma ranar da farar wuta ta sulale ta wuce, wanda ya zuba ƙarfe zai kwashe ya sake zubawa, wanda ya zuba kobalt kuwa ya yi asarar dukiyar da aka lissafa za ta yi shekaru tana aiki. A nan maganar Baba ta kuɗi ta dawo da ƙarfinta.

Game da tambayarka ta biyu, littattafan biyu ba su saɓa wa juna ba, kowanne gefe ɗaya ya kama. Abin da ake zubawa a tukunya yawanci tsatsa ce, wato hematait ko magnetait. Ana fara ratsa ta da haidirojin ko kabon monoksaid ko singas domin a cire mata oksijin, sannan da zarar aiki ya kankama, kabon yana kutsawa tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ya mayar da shi kabaid. Wanda aka fi samu shi ne mai ƙarfe biyar da kabon biyu, wanda ake kira da sunan masanin Suwidin Gunnar Hägg, kuma mafi yawan masu bincike sun tafi a kan cewa a kan fuskar kabaid ne sarƙar mai take tsirowa. Kada ka haɗa shi da kabaid ɗin masu walda, wancan na kalsiyam ne, suna kawai suka haɗa. Magnetait kuwa ba ya ɓacewa gaba ɗaya, domin ruwan da ake samu yana mayar da wani ɓangare na kabaid ɗin tsatsa, kuma shi ake danganta wa aikin nan na fitar da haidirojin daga ruwa. Saboda haka ƙwayar katalis ɗaya tana iya zama kabaid a wani gefe, magnetait a wani, kuma rabon yana sauyawa daga bakin tukunya, inda kabon monoksaid ya yi yawa, zuwa ƙarshenta, inda ruwa ya taru. Kobalt yana zama kobalt ɗinsa tun daga farko har ƙarshe, ƙarfe kuwa kullum cikin rikiɗa yake, kuma wannan ne ya sa shekara ɗari bayan Fischer da Tropsch har yanzu ana muhawara a kansa.

ƊalibinInjiniya ya sake rubutawa:

Malama, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na ga inda na ɓata, domin ina ta kwatanta ƙarafan biyu ban taɓa kallon iskar da ake ba su ba. Amma akwai wurin da bai shiga wannan ƙa'ida ba. Masana'antar Mossel Bay a Afirka ta Kudu, wadda ta fara aiki a 1992, iskar gas daga teku ta riƙa sarrafawa, kuma ƙarfe aka sa mata. Haka ma wadda aka gina a Brownsville ta Jihar Texas a Amurka a farkon shekarun 1950. Yaya za a fahimci wannan? Sannan ina roƙon wanda ya taɓa haɗa katalis ɗin da hannunsa ya faɗa mana yadda ake yi.

MaiBincikenKatalis ya amsa:

Ƙanena, zan ɗauki tambayarka ta ƙarshe, domin shekara uku na yi ina haɗa irin wannan katalis a ɗakin gwaji lokacin karatun digirina na uku.

Iri biyu ne. Na farko shi ne na narkarwa, wanda ake amfani da shi a tukwane masu zafin digiri 330 zuwa 350. Idan ka taɓa tsayawa a maƙera ka ga baƙin ɓawon da ke zubowa daga jikin ƙarfe lokacin da maƙeri ke dukansa da zafinsa, to ka ga asalin kayan. Irin wannan ɓawo ake kwasowa daga masana'antun mulmula ƙarfe, a narka shi da wutar lantarki tare da ɗan fotashiyam da wasu sinadarai masu hana ƙwayoyinsa dunƙulewa, a bar shi ya daskare, a niƙa shi ya zama gari. Yana da tauri sosai, kuma dole ya kasance haka, domin iska ce ke ɗaga shi tana jujjuya shi a cikin tukunya kamar ruwa mai tafasa.

Na biyu shi ne wanda ni na yi, na tukwane masu zafin digiri 220 zuwa 250. Ana narka gishirin naitiret na ƙarfe da na jan ƙarfe a ruwa, a zuba su da zafinsu cikin ruwan soda mai zafi, wato sodiyam kabonet, nan take sai ka ga wani taɓo mai launin jar ƙasa ya kwanta. Daga nan sai wanki, kuma wankin ne aikin, domin sai an yi ta maimaitawa har sodiyam ɗin ya fita. Bayan haka a sa silika da fotashiyam, a busar. Tsohon ma'aunin da aka gada daga kamfanin Ruhrchemie na Jamus shi ne, a kan kowane giram 100 na ƙarfe a sa kimanin giram 5 na jan ƙarfe, da kimanin giram 5 na sinadarin fotashiyam, da giram 25 na silika. Jan ƙarfe yana sauƙaƙa cire oksijin daga tsatsar ba tare da an ƙona ta da zafi mai yawa ba. Silika ita ce ƙashin da ke riƙe ginin. Fotashiyam kuwa, wanda shi ne sinadarin da ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke sa wa miya, shi ne mai sarrafa halin katalis ɗin: yana sa ƙarfe ya riƙe kabon monoksaid da kyau, sarƙa ta ƙara tsawo, mitan ya ragu. Idan ya yi yawa kuma, baƙin kabon ya taru ya shaƙe komai.

Abubuwa biyu na gani da idona waɗanda nake so ka riƙe. Wata rana, bayan na gama ratsa garin da haidirojin, na buɗe bututun kafin in rufe garin da iskar naitirojin yadda ya kamata, sai na ga baƙin garin nan ya fara yin ja kamar garwashi a cikin cokalin, ba tare da wani ya kusanto da wuta ba. Aikin mako biyu ya koma tsatsa a cikin daƙiƙoƙi. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antu ke lulluɓe shi da kaki kafin a adana shi ko a yi jigilarsa. Na biyu, a tukunyar da garin ke iyo cikin narkakken kakin da haɗin yake samarwa, kakin da ya kamata ya fito fari fat kamar kyandir sai ya riƙa fitowa toka-toka, daga baya baƙi, matacin kuma ya toshe. Dalili shi ne rikiɗar da Malama ta bayyana: duk lokacin da ƙwaya ta tashi daga tsatsa zuwa kabaid ta sake komawa, girmanta yana sauyawa, sai ta tsattsage ta zama ƙura. Raba wannan ƙura da kaki yana cikin manyan matsalolin da Sasol ya sha fama da su kafin ya fara aiki da irin wannan tukunya a Sasolburg a 1993. Saboda haka ƙarfe ba ya shekaru a tukunya kamar kobalt, kuma a manyan masana'antu ana cire tsoho ana zuba sabo alhali aiki na tafiya.

MalamarKemistiri ta sake amsawa:

Madalla da wannan tambaya ta Mossel Bay, domin ta nuna cewa bayan iskar da ake da ita, sai an duba kayan da ake so a samu.

Ka ɗauki ginin sarƙar mai kamar mai shirya duwatsu a zare. Bayan kowane dutse, ko dai ya ƙara wani, ko ya ɗaure zaren ya ajiye. Yiwuwar ƙarawar ita ce ake kira alfa, kuma ita ke yanke abin da zai fito. Idan alfa ta kasance 0.7, lissafi yana ba da kimanin kashi 9 cikin 100 mitan, kimanin kashi 44 sarƙoƙi masu kabon 5 zuwa 11, wato zangon fetur, kaki kuwa bai kai kashi 1 ba. Idan ta kai 0.95, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da zai fito sarƙoƙi ne masu kabon 20 zuwa sama, wato kaki, wanda daga baya ake sassara shi da haidirojin ya zama dizal mai kyau ƙwarai, marar farar wuta, mai lambar sitan, wato ma'aunin ingancin dizal, sama da 70. Ka zauna ka yi wannan lissafi da hannunka, zai amfane ka fiye da haddace shi.

Zafi yana rage alfa. Wanda yake son fetur da ƙananan sinadaran da ake yin roba da su, irin su etilin da furofilin, dole ya ɗaga zafi ya wuce digiri 300, kuma a wannan zafi kobalt mitan yake yi da yawa, wato ya mayar da kai inda ka fito. Ƙarfe ne kaɗai ke iya aiki a can. Mossel Bay da Brownsville fetur suka nema, shi ya sa suka sa ƙarfe duk da cewa iskar gas suka sarrafa. Escravos dizal da nafta, wato wani sassauƙan mai dangin fetur, take nema, sai ta zauna a ƙaramin zafi da kobalt. Masana'antar Ningxia kuma ta bi tsaka-tsaki, tana aiki da ƙarfe cikin narkakken kaki a zafin da ya ɗara digiri 220 zuwa 250 na tsohuwar hanyar kaki amma bai kai digiri 330 zuwa 350 irin na Secunda ba, domin tururin da ake samu wajen sanyaya tukunyar ya fi amfani idan ya fi zafi. Kada ka manta haɗin nan yana fitar da zafi mai yawa, kimanin kilojul 165 a kan kowane mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, na kabon monoksaid, kuma duk siffofin tukwanen da ka gani a littafi, har da na farko a Sasolburg masu bututu sama da 2,000 kowace, dabarun kwashe wannan zafi ne.

InjiniyaMaiRitaya ya sake amsawa:

Malama, na karɓi gyara, kuma na ƙaru. Abu ɗaya nake so ɗana ya sa a cikin rubutunsa, domin na san za a tambaye shi ko za a iya yin haka da kwal ɗin Inugu ko na Okaba ko na Maiganga. Secunda tana fitar da abin da ya kai kimanin ganga 150,000 na mai da sinadarai a rana, amma tana sakin kabon dayoksaid sama da tan miliyan 50 a shekara, har ana lissafa ta cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da wannan iska a duniya. Tana kuma shan ruwa mai yawan gaske. Ina jin nauyin wannan a raina, domin na ga yadda masu zama kusa da manyan masana'antu suke rayuwa da abin da ke fita daga bututun hayaƙi.

MaiBincikenKatalis ya ƙara da cewa:

Gaskiya ne, Baba, sai dai ina so ƙanena ya rubuta shi daidai, kada ya ɗora wa ƙarfe laifin da ba nasa ba. Ko da kobalt aka sa wa iskar kwal, dole a gina wata tukunya a gabansa wadda za ta yi aikin nan na fitar da haidirojin daga ruwa, kuma kabon dayoksaid ɗin zai fito a can. Ƙarancin haidirojin a jikin kwal ne tushen abin. Wannan hali na ƙarfe kuma yana tafiya gaba da baya: idan aka ba shi kabon dayoksaid da haidirojin mai yawa a zafin da ya kai digiri 300, yana fara mayar da kabon dayoksaid ɗin kabon monoksaid, sannan ya gina sarƙa da shi. Shi ya sa masu neman yin man jirgin sama daga kabon dayoksaid da haidirojin da aka samo daga ruwa da wutar hasken rana suka koma kan ƙarfe mai fotashiyam, haka ma masu gasa ƙaiƙayi da karan hatsi don samun singas, domin iskarsu ma ba ta da wadatar haidirojin. Babbar matsalarsu ita ce ruwa, domin kowace gaɓar sarƙa tana zuwa da ƙwaya biyu na ruwa maimakon ɗaya, kuma ruwan yana mayar da kabaid tsatsa da sauri.

Ƙanena, idan sashenku yana da na'urar da ke gane siffar ƙwayoyin gari da hasken eksire, ka haɗa samfuri uku masu fotashiyam daban-daban, ka auna kowanne kafin aiki da bayansa, ka ga nawa ya zama kabaid, nawa ya koma magnetait. Samfurin bayan aiki ka bar shi cikin kakinsa har zuwa lokacin aunawa, kada iska ta taɓa shi.